Kafin a Rataya wa Jariri Ledar Jini



Jaririn da nauyinsa ya kai kilo 3, duk jinin jikinsa kimanin mililita 250 ne, wato rabin ledar ruwan sha. Kuskuren ƙarin jini da babba zai sha da ƙyar, jariri ba ya jure masa. Shi ya sa idan an kai shi Asibitin Tarayya na Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, kuka ga ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce sai an ɗebi jinin uwa tukuna, kada ranku ya ɓaci. Aikin ke nan.

Tun 1901 Karl Landsteiner ya gano a birnin Biyana cewa jinin ɗan Adam rukuni-rukuni ne. A 1940 shi da Alexander Wiener suka bayyana sinadarin Rh, wanda a ƙasarmu kimanin mutum 5 cikin 100 ne ba su da shi. Amma jariri lamarinsa daban ne. Kafin ya kai wata 4, jikinsa bai fara ƙera garkuwar da ke yaƙar baƙon jini ba. Wadda ke yawo a jijiyoyinsa ta mahaifiyarsa ce, ta mabiyiya ta ratso. Don haka ake duba rukuninsa, a duba na uwa, a binciki ruwan jininta, sannan a yi gwajin Coombs na 1945 don a ga ko garkuwarta ta riga ta manne wa ƙwayoyin jininsa.

A nan nake so mu tsaya. Idan uwa ba ta da Rh, miji yana da shi, cikin fari yakan zo lafiya. Amma lokacin haihuwa ko ɓari jinin ɗan kan shiga nata, jikinta ya ɗaura ɗamara. Ɗa na gaba sai ya zo da shawara tun ranar farko, idonsa da fatarsa su yi rawaya, ya daina kama nono, ya sanƙare. Wata uwar ta binne biyu ko uku, ana ce mata mai wabi, ana zargin iska, alhali allura guda cikin awa 72 bayan haihuwa, wadda duniya ta sani tun 1968, za ta iya hana wannan da izinin Allah.

Idan jariri na buƙatar ƙarin jini, uba zai miƙo hannu ya ce a ɗebi nasa, ai ɗansa ne. Niyya ce mai kyau, amma a irin wannan hali jininsa na ɗauke da ainihin abin da garkuwar uwa ke farauta. Jinin da za a zaɓa shi ne wanda ya dace da uwa da ɗa baki ɗaya, galibi rukunin O marar Rh, sabo, wanda aka tace daga ƙanjamau da ciwon hanta.

Ungozoma, Allah ya saka miki da alheri, ki riƙa fito da jariri haske kullum ki duba idonsa, don ɗakin jego duhu gare shi. A raba kayansa da kafur, yana farfasa jinin wasu jarirai. Idan kin ga rawaya, kada a jira suna. A kama hanyar Gusau a ranar, kuma a tafi da mai jegon, ko da ta gaji. Maza kuwa, ku kai matanku awo, ku tabbata an rubuta rukunin jininsu a kati tun cikin fari.