Kugin Jita Da Darasin Maganaɗisu



Da sakatare ya ce in yi magana kan sana'ata, na ce masa ni mai gyaran amfilifaya ne a Sabon Gari, Kano, me zan faɗa a gaban likitoci da lauyoyi? Ya ce in faɗi abin da na ɗauka daga Karofi. To, ga shi.

Mu nan mun tashi da kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya, amma waɗanda suka saurari ƙungiyar Bala Miller sun san jitar nan ta lantarki mai kaurin murya da ake kira bes. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wani abu, fikof: maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai 'yar wuta ta taso cikin naɗin. Abin da Michael Faraday ya gano ke nan a 1831, wanda malaminmu na fiziks ya rubuta a allo muna gyangyaɗi. Allah Ya gafarta, Malam, har da ni.

Matsalar ita ce naɗin ba ya zaɓe. Yana kwaso kugin taransifoma da na dogon ƙwan fitila. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, tsirkiya mafi kauri ta bes kuwa wajen 41 take yi, don haka kugin yana zama daidai inda makaɗi yake aiki.

Seth Lover na kamfanin Gibson a Amurka ya nemi rajistar maganin wannan a 1955, aka kira shi hambaka, wato mai kashe kugi. Fender ma ya sa wa Precision Bass irin dabarar a 1957. Naɗi biyu ake yi. Na biyun a juya hanyar da wuta ke bi cikinsa, a kuma juya maganaɗisunsa, ɗaya arewa a sama, ɗaya kudu. Kugi ba ruwansa da maganaɗisu, saboda haka sau ɗaya aka juya shi, sai na wannan ya cinye na wancan. Sautin tsirkiya kuwa sau biyu aka juya shi, ya dawo daidai, ya ƙaru.

Wata Asabar wani yaro ya kawo mini bes ɗin cocinsu, washegari za su yi amfani da ita. Wayoyi huɗu ne suka fito daga fikof ɗin. Na bi launinsu kamar yadda na saba, ban tuna kowane kamfani da nasa tsarin launi ba. Na liƙe da dalma, muka kunna. Jama'a, murya ta fito siririya kamar ta sauro, kugi ya ninka, yaro yana kallona, maƙwabta suna leƙe. Wayoyin naɗi ɗaya na musanya.

Da dare na tuna kamfas ɗin da Malam yake zagayawa da shi aji. Na aro ɗaya, na ɗora kan kowane naɗi, na tabbatar ɗaya arewa ɗaya kudu. Sannan na haɗa mita mai allura, na taɓa kan maganaɗisun da sukudireba na ɗaga. Dole allura ta harba gefe guda a naɗin biyu. Inda ta saɓa, na juya wayoyin. Na haɗa su a jere, ƙarshen na farko da farkon na biyu, domin haka ya fi ba da ƙarfi da kauri. Kafin asuba kugi ya mutu.

Shugaba, na zo da kamfas goma da mita biyu don ɗakin gwajin makarantarmu. Saura maganaɗisu da wayar tagulla. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafinsa, 'yan Kurfi da 'yan Dutsin-Ma kada kowa ya sulale ta baya.