KARATUN SARRAFA KASUWANCI A JAMI'A: ME ZAI ƘARA WA ƊAN SABO?

Jawabin da kwamitin ilmi ya gabatar a taron iyaye da matasa na ƙungiyarmu a Sabo, Ibadan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

  

An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin bayani a kan karatun sarrafa kasuwanci a jami'a, digiri na farko da na biyu. Mun san tambayar da ke bakin dattawa da yawa a nan: yaya za a ce Bahaushe ya tafi makaranta koyon ciniki? Gaskiya tambayar tana da hujja. Tun 1916 aka kafa wannan unguwa tamu, kuma goro da shanu ne suka raya ta. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna a Sabo ya yi bincike, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda mai gida yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ba da shanu bashi ba tare da takarda ba, sai amana kawai. To, mutanen da aka rubuta littafi a kan cinikinsu, me za a koya musu?

Jama'a, ga amsarmu. Iyayenmu sun iya neman dukiya, babu mai musu. Abin da yake ba mu tsoro shi ne abin da yake faruwa bayan mai gida ya kwanta dama. Kowa a nan ya san gidan da a da ake sauke huhun goro ko tirelar shanu kowane mako, yau ko sunan gidan ba a ji a kasuwa. Dalili kuwa, duk lissafin yana cikin kan mutum ɗaya. Shi ya san wanda yake bi, shi ya san mai binsa, shi ya san kuɗin baƙo da nasa. Ran da aka kai shi makwanci, an binne littafin kasuwar tare da shi. Sai a raba gado, kowa ya ɗauki guntu, guntun kuma ba ya isa jari. Babban abin da jami'a take koyarwa a wannan fanni shi ne yadda za a gina kasuwanci ya tsaya da ƙafarsa, ko mai shi yana nan ko ba ya nan.

Kada wani ya ɗauka rubuta lissafi al'adar Nasara ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ne da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Su Turawa sai a 1494 wani Ba'italiye, Luca Pacioli, ya wallafa tsarin lissafin da akantoci suke bi har yau, inda kowace shiga da fita ake rubuta ta a gefe biyu don su tsare juna. Makarantar Wharton a Amurka ta fara koyar da kasuwanci a matakin jami'a a 1881, Harvard kuma ta fara ba da digirin MBA a 1908. Kun ga ashe fannin bai daɗe ba, fataucin Gwanja ya girme shi nesa ba kusa ba.

To, bari mu zo kan digiri na farko. Shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Ana bukatar kiredit 5 a WAEC ko NECO, dole a ciki akwai Turanci da Lissafi, kuma yawancin jami'o'i suna neman darasin tattalin arziki. Iyaye, ku riƙe wannan: Lissafi ne yake yawan tare yara a ƙofa. Yaron da zai ƙidaya canjin Dala da Riyal da ka, sai ka ga ya faɗi a takarda, don ba a zaunar da shi ya yi bita ba. Wanda ya yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, kamar wadda muke da ita nan Ibadan, yana iya shiga kai tsaye daga aji 2 idan sakamakonsa ya yi kyau.

Me ake koya a ciki? A shekarun farko ana aza harsashi: tattalin arziki, ajiye littafin kuɗi, ƙididdiga, da dokokin ciniki da kwangila. Daga nan sai a shiga ilmin kasuwa, wato wa zai saya, nawa zai biya, ta wace hanya kaya za su isa gare shi. Sai sarrafa kuɗi, sai kula da ma'aikata, sai tsara kaya a sito da sufuri. A shekarar ƙarshe ɗalibi yana koyon tsara manufar kamfani gaba ɗaya, sannan ya yi bincike ya rubuta kundi.

Bari mu kawo misali da ƙirƙirarrun alkaluma don a gane amfanin abin. Mutum ya sari kaya na Naira 1,000,000, ya sayar 1,200,000. A bakin kasuwa sai a ce ya ci ribar 200,000. To, cire kuɗin mota 60,000, cire na shingayen hanya 30,000, cire la'ada 20,000, cire abin da ya lalace 40,000. Saura 50,000. Sannan bashi ya bayar, sai bayan wata 3 aka biya shi. A shekara irin 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, kayan da ya saya 1,000,000 suna iya kaiwa 1,070,000 a cikin waɗannan watanni. Shi kuma 1,050,000 ne a hannunsa. Wallahi mutumin nan yana murna ya ci riba, alhali uwar kuɗi ce take zaizayewa. Idan kuma daga aljihun nan ake cefane, ake biki, ake suna, to ba zai taɓa sanin ranar da ramin ya fara ba. Darasi na farko da ake cusa wa ɗalibi shi ne aljihun mai kasuwa daban, aljihun kasuwa daban. Mai gida ma albashi zai yanka wa kansa.

Kuma zamani ya zo da abin da amana kaɗai ba ta isa ta tare shi. A farkon 2023, lokacin sauya takardun Naira, duk mai ciniki da tsabar kuɗi zalla ya ji a jikinsa. A watan Maris na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, kuma cikin dalilan da ya bayar akwai rashin kai rahoton ciniki da rashin biyan kuɗin sabunta lasisi. Bayan nan ya ɗaga jarin da ake bukata zuwa Naira miliyan 500 ga ƙaramin mataki, biliyan 2 ga babba. Mutum ɗaya zai sha wuya kafin ya kai nan, sai an haɗa jari. Haɗa jari kuwa yana bukatar rajista, da rabon hannun jari a rubuce, da mai binciken littafi. Idan babu ɗanmu da ya san wannan aiki, sai mu ɗauko na waje mu miƙa masa sirrinmu.

Sai digiri na biyu. Hanya biyu ce, kuma matasa suna yawan rikita su. Akwai M.Sc, na mai son bincike da koyarwa, wanda daga shi ake wucewa digirin dakta. Akwai kuma MBA, na mai son gudanar da kamfani. Shi MBA yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa 2, kuma ba lallai sai wanda ya karanta kasuwanci ba. Injiniya da likitan dabbobi da malamin Larabci duk suna iya shiga, wani lokaci bayan sun yi diflomar share fage ta shekara ɗaya. Mai babbar difloma ma ta nan yakan bi. Ana neman takardar bautar ƙasa. Akwai tsarin ƙarshen mako ga wanda ba zai iya rufe shago ba. Jami'ar Ibadan tana da makarantar kasuwanci, haka Jami'ar Legas da ta Ife da ta Ahmadu Bello a Zariya. Akwai Makarantar Kasuwanci ta Legas da aka kafa a 1991, akwai kuma ta Ɗangote a Jami'ar Bayero ta Kano.

Shawararmu a nan ita ce kada yaro ya fito bautar ƙasa ya faɗa MBA kai tsaye. Yawancin darasin, labarin wani kamfani ake kawowa da matsalar da ya shiga, a ce kai ne manaja, yanke hukunci. Wanda bai taɓa bin bashi an hana shi ba, bai taɓa sallamar yaro ba, bai taɓa kwana da kaya suna ruɓewa ba, me zai faɗa? Ya yi shekara 2 ko 3 a kasuwa tukuna.

Matasa, ku ma ga naku. Takarda ba ta sa a ba ka shanu bashi a kara. Sunan ubanka da gaskiyarka ne suke sa a ba ka. Duk wanda ya dawo yana jin ya fi ƙarfin zama a kan tabarmar shago, ya yi asarar rabin ilmin. Ku dubi gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano kafin gyaɗa. Ya rasu a 1955, amma kasuwancin ya ci gaba a hannun 'ya'yansa a matsayin kamfani. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ya karanta kasuwanci a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, ya dawo ya fara da rancen da ya samu a cikin dangi. Ilmin gida da na makaranta aka haɗa.

Saboda haka kwamiti yana roƙon abubuwa huɗu. Na ɗaya, kowane mai gida ya ware aƙalla yaro ɗaya, namiji ko mace, don wannan karatu. Kada a manta da 'ya'ya mata, yawancin cinikin cikin gida a hannun iyayensu mata yake. Na biyu, duk hutu ɗalibi ya dawo shago, a damƙa masa littafi ya fara rubuta shiga da fita. Na uku, a nema wa yara takardar shaidar ƙaramar hukuma da wuri, domin 'ya'yanmu da aka haifa a nan sukan gamu da tangarɗa a kanta lokacin neman gurbi. Na huɗu, wanda kuɗi ya yi wa cikas ya zo mu duba tare. Tun 2024 akwai asusun NELFUND na gwamnatin tarayya da yake ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa, akwai kuma buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN ga wanda ba zai bar kasuwa ba. Masu hali kuma, Allah ya ƙara buɗi, a taimaka wa asusun ilmi na ƙungiya.

Waɗanda suka riga suka yi digiri a cikinmu, muna jiran ku a ofishin ƙungiya bayan taro, mu tsara yadda za ku riƙa yi wa ƙannenku bitar Lissafi kafin jarrabawa.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana wannan wuri. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne.