Dundumin Mace Mai Ciki

Ya ku magidanta, in mai cikinku ta ce ba ta gani da magariba, kada ku ce sammu ne. Dundumi ne, daga tukunya ya ke tasowa. Akwai wani sinadari cikin abinci da a ke kira bitamin A, wanda masana suka gano a Amurka cikin 1913. Ɗan da ke ciki yana jan rabonsa daga jikin uwa, ita ce ke rasawa, balle a watannin ƙarshe. Tuwon dawa ba shi da shi. Man ja kuwa cike ya ke, haka zogale da kabewa da gwanda da ƙwai, wanda wasu ke hana mai ciki a banza. To, kuɗin cefane a hannunku ya ke. Amma ƙwayar bitamin A, sai likita ya ba da ita, gama in ta yi yawa takan ɓata ɗan.