Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Ɗaliban Sashen Gini

 

Wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, wakilin Mai Girma Kwamishina, ranka ya daɗe, Hakimi da dagatai da masu unguwanni, Malam Liman, shugaban wannan cibiya da malamansa, Sarkin Magina da jama'arsa, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, 'yan jarida, 'ya'yanmu da ake yayewa yau: assalamu alaikum.

Da safe an zagaya da ni, na gani da idona. Yaran nan sun iya buga bulo, sun iya fitar da harsashi, sun iya ɗaura rodi da zuba linta, ga filasta, ga tayil, ga rufin kwano, ga karanta zanen gini. Katangar gabas da kuka wuce, hannunsu ce. Masallacin cibiya ma su suka gyara. Malamai, Allah ya saka da alheri.

Takardar da aka rubuto mini ta ƙare a nan. Abin da ya rage nawa ne, mai kula da lokaci ya yi haƙuri.

A gidan mahaifina, a ƙarƙashin indararon soro, akwai sheƙar tsattsewa. Da magariba sai ka ji su suna tsuwa, suna zagaye gidan kamar an harbo su. Mahaifiyarmu ba ta yarda yaro ya ɗaga musu danƙo ba. Da na tashi gyara gidan, na ce wa ɗan kwangila ya bar kafofin nan. Ya ce to, Alhaji. Na dawo daga tafiya na tarar ya shafe ko'ina da siminti sumul, har yana jiran yabo. Kwana da kwanaki tsuntsayen suna zuwa suna dukan bangon da ƙirji, suna neman ƙofar da babu ita. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa.

Ginin tubali da azara ba ya rasa kafa. Ginin da muka koya muku yau, bulo da filasta da silin roba, ko ƙuda ba ya samun wurin fakewa.

Turawa sun riga mu shiga wannan matsala. A Ingila, tsattsewarsu ta ragu da fiye da rabi tsakanin 1995 da 2020, har a 2021 aka sa ta cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. Birnin Brighton da ke kudancin ƙasar, tun 2020 ya gindaya wa sababbin gine-gine sharaɗi: a saka bulo mai 'yan huje-huje domin ƙudan zuma, ginin da ya haura mita 5 kuma a saka masa bulo mai rami a ciki domin tsattsewa. Mutum fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke, sai da majalisar dokokin ƙasar ta zauna a kan bulon tsattsewa a 2023. Kuma tsuntsun nan baƙonmu ne: cikin Agusta yake barin Ingila, ya ƙetare Sahara, ya ratsa sararin Afirka ta Yamma zuwa Kwango. Yakan yi wata 10 a sama bai sauka ba, a can yake ci, a can yake barci. Tamu ta gida, mai farin gindi, tana nan ƙarƙashin gadoji.

Na ga Sarkin Noma yana girgiza kai. Ranka ya daɗe, ba jan-baki na ce a kawo maka ba, balle mujiya. Tsattsewa ƙwari take ci, ba ruwanta da gero ko shinkafa. Ƙudan zuman da ke shiga bulon kuwa ba na amya ba ne. Kowace ita kaɗai take zaune, ba ta tara zuma, da wuya ta harbi mutum, aikinta ɗaukar garin fure daga wannan shuka zuwa waccan. Masana can sun yi gardama kan zurfin hujin, kuma su bangon da rana ke duka suke nema. Mu nan zafin Afrilu sai ya dafa ƙwan, sai a zaɓi inuwa. A tambayi masu binciken tsuntsaye na cibiyar A.P. Leventis da ke Jos, aikinsu ke nan.

Nawa ne bulo uku a ginin bene? Amma idan ba a rubuta shi a zane da lissafin kwangila ba, wallahi shi za a fara cirewa. Wakilin Kwamishina, saƙona ke nan, a kai shi yadda na faɗa: makarantu da asibitocin da gwamnati za ta gina, a sa wannan cikin takardar amincewa da zane.

Shugaban cibiya ya yi mini alkawari ɗaliban baɗi za su ƙera abin buga irin wannan bulo. Kuɗin ƙarfe da siminti a wuyana, a shaida.

Yanzu a kira ɗalibai su karɓi takardunsu.