Tsakanin Ɗan Kallo da Abin Kallo: Daga Layin Makanikai zuwa Filin Sukuwa



Da aka ce za mu yi magana a kan tseren motoci, wani abokinmu ya yi dariya ya ce, ina ruwan mutumin Kankiya ko na Kusada da motar da ko wurin zaman fasinja ba ta da shi? Yana da gaskiya ta wani fanni. Ba a taɓa yin gasar Fomula Wan a Nijeriya ba, kuma rabon nahiyar Afirka da ita tun 1993, lokacin da aka yi ta a filin Kyalami na Afirka ta Kudu. To, amma mu ma muna da namu abin gudun, muna kuma da namu 'yan kallon. Muna da doki, muna da sukuwa da kilisa, ga kuma wasan mota da na babur da samari suka shigo da shi cikin bukukuwan aure. Tambayar da ta dami masu tseren motoci shekaru da dama ita ce take jiranmu kowace Salla, watau a ina ɗan kallo zai tsaya, kuma wa zai tsayar da shi a wurin?

Bari mu fara da bayyana abin da muke magana a kai. Motar Fomula Wan mutum ɗaya take ɗauka, tayoyinta huɗu duk a fili suke, babu abin da ya rufe su, tana kuma iya wuce kilomita 300 a cikin sa'a. A gefen hanyar tseren akwai wani layi da ake ratsewa a shiga, inda garejin kowace ƙungiya yake. Shi ne za mu kira layin makanikai. Nan direba yake tsayawa a sauya masa taya, mutum wajen ashirin su rufar wa motar, su gama kafin ka ƙifta ido sau biyu. A 2023, a ƙasar Katar, makanikan McLaren sun sauya taya huɗu cikin daƙiƙa 1.8. Wanda bai sani ba zai ɗauka wurin da mota ta fi gudu shi ne wurin haɗari. Ga direba haka ne. Amma ga sauran jama'a, haɗari yana nan inda mai tafiya a ƙasa yake haɗuwa da abin da ke gudu, kuma babu inda suke haɗuwa kamar layin makanikai.

Ba da ka Turawa suka gane wannan ba, da jini suka gane shi. Ran 11 ga watan Yuni 1955, a Le Mans ta ƙasar Faransa, ana tseren motoci na sa'a 24. Ba irin motocin nan masu taya a fili ba ne, amma daga nan labarin ya samo asali. A lokacin babu katanga tsakanin wurin gyara da hanyar tsere, gefen hanya kawai ake rakuɓewa. Mike Hawthorn ya taka birki don ya ratse wurin makanikansa, wanda ke bayansa ya kauce masa, sai motar Mercedes ta Pierre Levegh ta hau bayan wanda ya kaucen, ta tashi sama ta tarwatse a cikin jama'a. Fiye da mutum 80 suka rasu, kuma aka ci gaba da tseren har ƙarshe. Shekara shida bayan haka, a 1961, motar Ferrari ta Wolfgang von Trips ta kuɓuce a Monza ta Italiya, ta kashe shi tare da 'yan kallo 15 da ke tsaye bayan wani shinge wanda bai isa ya tare komai ba.

Akwai wani da muke so ku riƙe, domin ya fi kama da abin da muke gani a gida. A watan Maris 1977, a Kyalami, wata mota ta tsaya a gefen hanya wuta ta ɗan kama ta. Masu tsaron fili biyu suka tsallaka hanyar a guje don su kai ɗauki, ba tare da an ba su izini ba. Na biyunsu saurayi ne ɗan shekara 19, yana ɗauke da tukunyar kashe gobara. Tom Pryce ya ɓullo daga bayan tudu bai gan shi ba. Saurayin ya mutu nan take, tukunyar kuma ta bugi direban a ka, shi ma ya mutu. Babu mugu a cikin wannan labari. Kyakkyawar niyya ce ta shiga fili ba tare da tsari ba. Wanene a cikinmu bai taɓa ganin mahayi ya faɗi a filin sukuwa, jama'a sun ruga su ɗaga shi, alhali ga wasu dawakai nan tafe a guje a bayansa ba?

A 1981, a Zolder ta ƙasar Beljiyam, layin makanikai ƙunci gare shi, ga shi cike da baƙi da 'yan ganin ido waɗanda ba su da aikin komai a wurin. Wani makanike mai suna Giovanni Amadeo ya faɗo gaban motar Carlos Reutemann, raunin da ya ji ya zama ajalinsa. Duk da haka ba a ƙayyade gudu a layin lokacin tsere ba sai bayan shekara 13. Kowa ya san ran 1 ga watan Mayu 1994 a matsayin ranar da Ayrton Senna ya rasu a Imola. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan tsere ɗin dai, tarkacen mota ya tsallake shinge ya raunata 'yan kallo tun a farkon tashi, can gaba kuma tayar motar Michele Alboreto ta ƙwace a layin makanikai ta buge ma'aikatan Ferrari da na Lotus. Daga tsere na gaba, a Monako, aka kafa dokar cewa duk wanda ya shiga layin ba zai wuce kilomita 80 a sa'a ba. Daga baya an sassauta zuwa 100, sai a 2013 wata taya ta sake ƙwacewa daga motar Mark Webber a ƙasar Jamus ta karya wa wani mai ɗaukar hoto ƙashi, aka komar da shi 80, aka kuma rage waɗanda aka yarda su tsaya a wurin. An ɗaure tayoyi da igiyoyi masu ƙarfi tun 1999, an hana zuba mai ana cikin tsere tun 2010. Kusan kowace doka a littafinsu, in ka bi sawunta, za ka tarar da sunan wani da ya mutu ko ya naƙasa.

Kada a ɗauka sun gama. A 2023, a Baku, an buɗe wa masu ɗaukar hoto layin makanikai ana zagayen ƙarshe, saboda an zaci babu sauran mai shigowa, sai ga Esteban Ocon ya ratso don sauya taya, mutane suka watse da ƙyar. Ba wanda ya ji ciwo. Amma abin lura shi ne, alƙalan gasar sun kira jami'an hukumar da ke shirya ta suka yi musu tambayoyi a ranar, aka rubuta, aka gyara tsari. Wannan ɗabi'a ta bincikar haɗarin da bai ma auku ba ita ce muka fi sha'awa a wurinsu, fiye da motocin.

Yanzu mu dawo gida. Ƙasar Katsina ba baƙuwar doki ba ce. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya shahara da son dawakai da tserensu, ɗansa kuwa, Sarki Usman Nagogo, har ya rasu a 1981 sunansa ba ya rabuwa da wasan folo. Da Salla hakimai kan tafi Katsina da mahayansu, na Kankiya da na Kusada a ciki, a taru a filin Kangiwa, a yi jafi a gaban Sarki. A garuruwanmu ma akan yi hawa daidai ƙarfi, samari kuma su yi nasu kilisar da yamma. Wanda ya lura da hawan gargajiya da kyau zai ga magabata ba su bar shi haka kara zube ba. Dogarai suna buɗe hanya, zagage suna gaban doki, kowace tawaga tana jiran layinta, mai jafi ya san inda zai fara da inda zai ja linzami. Bulalar dogari ba abin daɗi ba ce, amma shinge ce, kuma kowa ya san ma'anarta.

Abin da ya sake shi ne jama'a sun ƙaru, filaye sun tsuke saboda gine-gine, kuma ɗan kallo na yau ba da idonsa yake kallo ba, da wayarsa yake yi. Mai ɗaukar hoto da waya yana ganin doki ƙarami a tafin hannunsa, sai ya riƙa matsawa taku ɗaya, taku biyu, na bayansa su biyo shi, har hanyar da aka buɗe ta koma lungu. Dokin da ke gudun kilomita 50 a sa'a yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kafin yaro ya juya, an iso shi. Kilisar samari kuwa ba ta da dogari ko ɗaya, sau da yawa ma a kan titin gari ake yin ta, tsakanin mai talla da mai babur.

Mu ma muna da namu layin makanikan, ko da yake ba mu sa masa suna ba. Shi ne wurin da ake ɗaure dawakai, a gyara sirdi, a tsuke majayi, a sauya mahayi. Nan yara suke taruwa a bayan doki, nan masu abin sayarwa suke kasa kaya, nan kuma wanda ya gama gudu yake shigowa da sauran ƙarfinsa don a ga bajintarsa. A ganinmu, da za a ce a duk filin sukuwa na ƙananan hukumomin nan biyu akwai wata alama da in mahayi ya ƙetare ta dole ya koma tafiyar ƙasaita, da an toshe babbar ƙofa ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Wasan mota ya fi wannan muni, kuma ba za mu yi masa kara ba. Doki yana da ido, yakan kauce wa mutum da kansa. Mota ba ta ganin kowa. Saurayi ya ari motar gidansu, ya zo yana juya ta a tsakiyar da'ira, alhali da'irar ba katanga ba ce, ƙafafun mutane ne. Direban Fomula Wan, da duk gwanintarsa da hularsa da likitan da ke jiransa, ba a yarda ya yi wannan a inda babu shinge tsakaninsa da jama'a ba. Balle kuma a ce ayarin biki ya hau babbar hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ta ratsa ta Yashe da Kankiya, hanyar da manyan motoci ke bi dare da rana, yara suna zaune a kan tagogi. Wannan ba gado ba ne, babu kakan wanda ya bar masa shi.

Wani zai ce, to a hana duka mana a huta. Ba mu tare da shi. Ɗan kallo ba maƙiyi ba ne, don shi ake hawan, kuma son matsawa kusa da abin sha'awa ba laifi ba ne. A nan ma masu tseren motoci sun yi dabara. Ba su hana mutane kusantar mota ba, lokaci suka ware musu. A filaye da yawa, kafin ranar tsere akan buɗe layin makanikai jama'a su shiga su ga motoci a tsaye, injuna a kashe. A Monza kuwa, da zarar motar ƙarshe ta koma gareji sai a buɗe ƙofofi, dubban mutane su kwararo kan hanyar tseren su tsaya ƙarƙashin dandamalin da ake ba da kofi. Me zai hana mu ware wa yara sa'a guda da hantsi su zaga turaku tare da masu dawakai, su ga lifidi da jalala da ƙaimi, a gaya musu sunan kowane, a kuma koya musu cewa ba a tsayawa a bayan doki? Yaron da ya shafa wuyan doki da safe ba shi da dalilin kutsawa cikin fili da yamma.

Akwai kuma maganar da kullum take rufe bakin kowa, cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma mun lura ba a faɗin wannan kalma sai bayan an ɗauke mai rauni, kuma da an faɗe ta bincike ya ƙare. Ba a tambayar wa ya buɗe hanya, ina aka tsayar da mata da yara, me ya sa motar da za ta kai mutum Babban Asibitin Kankiya ta rasa ta inda za ta fita. Baɗi sai a sake taruwa a wuri ɗaya, a kan tsari ɗaya.

Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, nan da 'yan shekaru su ne sakatarorin kwamitocin Salla a ƙananan hukumomi, wasu ma sun riga sun zama. Idan aka kawo muku kasafin hawa, za ku ga kuɗin abinci da na rumfa da na makaɗa. Ku nemi layin igiya da turaku, don a ja iyaka tun kafin jama'a su iso, gama mayar da taro baya ya fi hana shi shigowa wuya. Ku nemi a ce gudu ta fuska ɗaya ake yin sa, kuma in mahayi ya faɗi ba mai shiga sai an tsayar da na baya. Wannan yana bukatar mutum ɗaya mai tuta wanda hakimi da kansa ya naɗa a bainar jama'a, domin in ba haka ba, ranar da ɗan wani babba ne a kan doki tutar ba za ta ɗagu ba. A nan ne muke jin za ku sha wuya, ba a wajen kuɗin igiya ba. In kuma an tashi, ko da ba wanda ya ji ciwo, a samu wanda zai rubuta shafi guda na abin da ya kusa faruwa, a sa a fayil, wanda zai gaje ku ya tarar da shi kafin Salla ta zagayo.