Yadda kishiyoyin kasuwa suka haɗa kai a kan cip

Cikin wayar kowannenku akwai ɗan guntun silikon da bai wuce farce ba, ana ce masa cip. Daga faifai guda ake yanko ɗaruruwansa, wasu kuwa lalatattu. Wanda ya rage lalatattun nan, shi ke cin riba.

A 1976 gwamnatin Japan ta zaunar da Fujitsu, Hitachi, Mitsubishi, NEC da Toshiba, kishiyoyin juna a kasuwa, ta ce su yi bincike tare. Cikin shekara goma Japan ta wuce Amurka a cinikin cip.

Sai Amurka ta farga. A 1987 kamfanoni 14 suka kafa SEMATECH, gwamnati na zuba dala miliyan 100 kowace shekara. Da farko abin ya ƙi tafiya, don wa zai buɗe wa kishiya sirrinsa? Suka koma kan abin da ya dame su duka, wato injinan ƙera cip, suka tallafa wa masu yin su. Ni a ganina nan dabarar take. Wajen 1993 Amurka ta koma gaba, kodayake masana na gardama kan rabon SEMATECH a nasarar.