Ka Dubi Nesa, Ka Ci Abinci

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:13-44, Zabura 107:23-30

Yau za mu yi magana a kan teku. Wataƙila wani zai ce, ina ruwan mutumin Godogodo da teku? To, tun da Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927 mutanenmu suke gangarawa Fatakwal neman abinci. Yau akwai 'ya'yanmu da suke aiki a rijiyoyin mai na cikin teku, gaba da Bonny da Escravos. Sukan yi makonni a can. In lokacin hutu ya yi, waɗansu jirgi mai saukar ungulu ne yake kwaso su, waɗansu kuwa sai sun yi awoyi a jirgin ruwa kafin su taka ƙasa. Da damina raƙuman ruwa sukan yi ƙarfi, sai ka ga ƙato ya yi laushi. Ya fara hamma, yawu ya cika masa baki, zufa mai sanyi ta keto, jiri ya kama shi, daga nan sai amai.

Wannan ba aikin maita ba ne, ba kuwa ragwanci ba ne. A can cikin kunne Allah ya sa wata 'yar gaɓa mai gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana motsi. In mutum yana zaune a ɗakin jirgi, ido yana ganin bango a tsaye, kunne kuwa yana jin ana hawa ana sauka. Shaidu biyu sun saɓa, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, ciki ya juya. Abin da yake sa yara amai a mota a Hawan Kibo, kan hanyar Jos, ke nan. Ko Nelson, babban hafsan jiragen yaƙin Ingila da ya mutu a 1805, ya yi fama da wannan ciwo duk tsawon aikinsa a teku.

Ɗan'uwa, ga abin da za ka yi. Kada ka shiga jirgi da yunwa, kada kuma ka cika ciki da abinci mai maiƙo ko giya. Ka nemi wuri a tsakiyar jirgi, gama can ne motsi ya fi sauƙi. Ka fuskanci gaba, inda akwai iska, nesa da hayaƙin inji. Ka ajiye wayar hannu, ka kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, domin ido da kunne su faɗi magana ɗaya. In an hana fita waje, ka kwanta ka rufe ido. Tauna citta tana taimakon waɗansu. Akwai magani irin su Stugeron, amma tun kafin a tashi ake sha, da kamar awa 2. Ka tambayi ma'aikacin lafiya tukuna, gama yana sa barci, wanda ya sha kuwa kada ya tuƙa mota. In amai ya zo, ka yi a leda. Kada kunya ta sa ka je bakin jirgi kai kaɗai ka leƙa ruwa, gama raƙumi ɗaya ya isa ya jefa mutum. Bayan amai ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan wahala. Zabura 107 ta kwatanta masu sana'a a teku da mashayi mai tangaɗi, wanda dabara ta ƙare masa. Luka kuma ya ba mu labarin jirgin da ya ɗauki Bulus zuwa Roma. Mutum 276 ne a ciki. Guguwa ta kama su kusa da tsibirin Karita, kwana da kwanaki ba rana ba taurari, har suka fid da rai. Kwana 14 ba su ci abin kirki ba.

Ku lura da abin da Bulus ya yi. Idonsa yana ganin ruwa, kunnensa yana jin iska, amma zuciyarsa tana kan abin da ba ya motsi, wato alkawarin da Allah ya yi masa cewa ba ran da zai salwanta. Wannan bangaskiya ba ta sa ya raina jiki ba. Da gari ya kusa wayewa ya roƙe su su ci abinci don lafiyarsu. Ya ɗauki gurasa, ya yi godiya a gabansu duka, ya gutsura ya ci. Da suka gan shi, sai suka yi ƙarfin hali suka ci. Saboda haka kada wani ya ce mana mai shan magani ba shi da bangaskiya. Mai addu'ar nan shi ne ya fara miƙa hannu ga gurasa.

Allah bai tsai da guguwar nan da nan ba, bai kuwa ceci jirgin ba. Jirgi ya farfashe, kaya sun tafi, amma dukansu suka kai gaci a tsibirin Malita, waɗansu da iyo, waɗansu a kan katako. Mu ma a Godogodo mun san guguwar da ba ta ruwa ba. A 2016 an ƙone gidaje, an rasa rayuka. Wanda har yanzu zuciyarsa take tangaɗi, maganar ɗaya ce: ka dubi Almasihu wanda ba ya sakewa, ka kuma ci abincinka na yau, gama akwai sauran tafiya.

Ku kuma na gida, in mai gida ko ɗanku ya iso, kada ku tare shi da lissafin kuɗin makaranta tun daga bakin ƙofa. Wani yakan yi kwana ɗaya ko biyu yana jin ƙasa tana lilo da shi. Ku ba shi kunu, ku bar shi ya huta.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka tuna da 'ya'yanmu da suke kan ruwa a wannan dare. Ka ba matuƙa hikima, ka ƙarfafa marasa lafiya, ka kawo su gida lafiya. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.